Tanel ɗin VPN yana tashi lafiya, bayan awa ɗaya ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da netwok a wurin aikinmu. Mun haɗa babban ofis da wani reshe da tanel ɗin VPN, wato ɓoyayyar hanyar tura bayanai ta cikin intanet, ta tsarin IPsec, da IKEv2 mai kula da musayar makullan ɓoye bayanai, kuma fayawal (na'urar tsaron netwok) ɗin ɓangarorin biyu ba ƙirar kamfani ɗaya ba ce. Tanel yana tashi lafiya lau, amma kusan bayan awa ɗaya sai ya yanke, sai na share shi na sake tayarwa. Ga kuma wata: ko lokacin da yake aiki, ping (ɗan saƙon gwada hanya) na wucewa amma manyan fayiloli sai su maƙale. Ina zargin layin intanet ɗinmu. Ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye zargin layin intanet tukuna. Layin da ke da matsala ba ya duba agogo, yakan yanke ne duk lokacin da ya ga dama. Abin da ke mutuwa daidai bayan awa ɗaya, kullum, akwai wani saiti da ke ƙirga masa lokaci, kuma a IPsec wannan saitin sananne ne: wa'adin makulli.

Tanel ɗin IPsec hawa biyu ne. Hawa na farko, wanda aka saba kira Phase 1, shi ne inda na'urorin biyu ke tantance juna su kafa hanyar tattaunawa ta UDP 500, ko UDP 4500 idan akwai NAT (mai sauya adireshin IP) a tsakani. Hawa na biyu shi ne wanda ke ɗaukar bayananku a cikin ESP, wato kunshin da ake ɓoye su a ciki. Kowanne yana da wa'adinsa, kuma kafin wa'adin ya cika dole a sabunta makulli. Wa'adin ya danganta da ƙirar fayawal: a Palo Alto, idan ba ka taɓa saitin ba, hawa na biyu awa ɗaya yake yi, na farko awa 8. A Cisco ASA hawa na biyu daƙiƙa 28800 ne, a FortiGate kuma 43200. To a IKEv2 ba a sasanta wa'adi tsakanin ɓangarori kamar yadda ake yi a tsohon tsarin, IKEv1. Kowa yana riƙe da nasa, wanda nasa ya fi gajarta shi ke fara neman sabuntawa. Saboda haka bambancin wa'adi shi kaɗai ba ya kashe tanel. Yana dai nuna maka lokacin da ɓoyayyen saɓani zai fito fili.

Saɓanin da na fi zargi a naka shi ne PFS, wato saitin da ke sa a ƙirƙiri sabon makulli daga tushe duk lokacin sabuntawa, ta musayar Diffie-Hellman, wadda ke da rukunai masu lamba da dole ɓangarorin biyu su daidaita a kansu. Ga dalilin da ya sa yake rikita mutane sosai. A IKEv2, hawa na biyu mai ɗaukar bayanai, a karon farko, ana kafa shi ne a cikin musayar tantance juna da ake kira IKE_AUTH, kuma a nan ba a yin wata sabuwar musayar Diffie-Hellman, makullin hawa na farko ake ara. Don haka ko da kai ka sa PFS da rukuni na 14, abokin aikinka kuma ya kashe PFS gaba ɗaya ko ya sa rukuni na 19, tanel zai tashi kamar ba komai. Sai lokacin sabuntawa ya yi, aka aika saƙon neman sabuntawa, CREATE_CHILD_SA, a nan ne karon farko da za a tambayi rukunin, kuma a nan ne ɗaya ɓangaren zai ƙi. Tsohon makulli ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci, wa'adinsa ya ƙare, komai ya tsaya cak. Kai kuma ka zo ka share tanel, aka koma IKE_AUTH, ya tashi, agogo ya sake farawa. Sharewar da kake yi ita ke binne shaidar kullum.

Don haka nan gaba idan lokacin ya kusa, kada ka taɓa komai. Ka kunna bibiyar IKE minti biyar kafin awar ta cika ka zuba ido. A FortiGate umarnin shi ne diagnose debug application ike -1, sannan diagnose debug enable, amma ka fara tace shi da adireshin ɗaya ɓangaren idan kana da taneloli da yawa, in ba haka ba rubutu zai cika maka allo. A Palo Alto ka buɗe less mp-log ikemgr.log. Abin da kake nema shi ne NO_PROPOSAL_CHOSEN ko INVALID_KE_PAYLOAD daidai lokacin sabuntawa. Kuma ka tuna cewa na'urar da ta ƙi ita ce ta san dalilin ƙi. Wadda ta nema amsa a taƙaice kawai take samu. Idan taku ce ke nema, log ɗin da zai amfane ka yana hannun mutumin ɗaya ɓangaren, don haka ku kasance a waya tare a wannan mintin, kowa na kallon nasa allon.

Idan abin da ka gani TS_UNACCEPTABLE ne, to maganar ta koma kan adireshin netwok ɗin da kowa ya ce zai kare, abin da wasu na'urori ke kira Proxy ID. Yana yawan faruwa idan ɗaya fayawal tana gina tanel ta hanyar rauta da 0.0.0.0/0, wato kowane adireshi, ɗaya kuma tana lissafa netwok ɗaya bayan ɗaya. IKEv2 yana barin mai amsawa ya taƙaita abin da aka nema, shi ya sa abin kan yi aiki idan wannan ɓangaren ya fara, ya lalace idan wancan ne ya fara. Shawarata, ku rubuta netwok ɗin ɓangarorin biyu su zama madubin juna, har tsawon mask, wato lambar da ke bayan alamar /. Idan kai ka rubuta 10.20.0.0/16, shi ya rubuta 10.20.1.0/24, ba ku daidaita ba ko da yau yana aiki.

Akwai kuma wa'adi na yawan bayanai, ba na lokaci ba. ASA tana da kilobayit 4608000 a saitinta na asali, kuma tanel mai cunkoso zai cinye wannan tun kafin awanninsa su cika. Amma wannan ba ya zuwa a kan lokaci ɗaya kullum, don haka bai yi kama da naka ba.

Maƙalewar manyan fayiloli kuwa wata cuta ce daban, kada ka haɗa su. Fakitin ping ƙarami ne. Fakitin fayil yana cika bayit 1500, IPsec kuma ya ƙara masa nasa kaya, daga bayit 50 da ɗoriya har kusan 90, gwargwadon nau'in ɓoyewa da ko akwai NAT. Mota ce mai lodi ta iso ƙofar da babur kaɗai ya saba wucewa. A ƙa'ida, na'urar da ta ga fakiti ya yi girma za ta mayar da saƙon ICMP (saƙon sanarwa tsakanin na'urori) nau'i na 3 lamba ta 4 don mai aikawa ya rage, amma masu tsaro da yawa sun toshe ICMP gaba ɗaya, sai saƙon ya ɓace, kwamfuta ta yi ta aika abin da ba zai wuce ba. Ina ganin toshe ICMP ba tare da tantancewa ba ya fi jawo wahala fiye da tsaron da yake kawowa.

Gwajin mai sauƙi ne. Daga kwamfutar Windows a ofishinku, ka yi ping -f -l 1472 zuwa sabar da ke reshen. A Linux kuma ping -M do -s 1472. Lambar 1472 da bayit 28 na kan fakiti su ne 1500. Idan bai wuce ba, ka riƙa ragewa, 1420, 1400, 1380, har ka sami wanda ya wuce. Maganin shi ne ka rage TCP MSS, wato iyakar bayanan da fakiti ɗaya zai ɗauka, a kan fayawal ko a kan tanel ɗin kansa. ASA tana zuwa da 1380 tun daga masana'anta, kuma 1350 yakan wadatar kusan ko'ina. Ka sa a ɓangarorin biyu.

Idan bayan wannan har yanzu wani abu ba ya wucewa alhali tanel na nuna yana sama, ka duba ƙididdigar fakitoci: show crypto ipsec sa a Cisco, diagnose vpn tunnel list a FortiGate. Idan lambar abin da kake ɓoyewa ka aika tana hawa, ta abin da kake karɓa kuma tana tsaye a sifili, bayananku na fita amma ba sa dawowa, sai a nemi rauta, ko dokar fayawal, ko keɓewar NAT a ɗaya ɓangaren. Idan akasin haka ne, gyaran yana gidanka.

Tunda za ku zauna kan saitin PFS, ku daidaita a kan rukuni na 14 ko 19 ko sama, ku bar rukuni na 2 mai bit 1024, ya tsufa. Kuma don Allah kada wani ya ja ku ku koma IKEv1 da sunan gyara; hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta yi masa ritaya a 2023. Bayan gyaran, ka bar tanel ɗin ya wuce sabuntawa biyu na hawa na biyu da ɗaya na hawa na farko ba tare da ka taɓa shi ba, sannan ka ce wa shugabanninka an gama.