Amsa ga mai tambayar goɗiyar da ta ƙi ɗaukar ciki

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce goɗiyarka shekararta 4, sau biyu kana kai ta barbara wajen wani ingarma a unguwar Birni ta Damagaram ba ta ɗauka ba, kana tambaya ko ka canza doki. Kar ka yi saurin ɗora wa dokin laifi. In dai an san ya taɓa ba da ƴaƴa, yawanci matsalar lokaci ce ko halin jikin goɗiyar.

Goɗiya tana neman doki kusan duk kwana 21, neman kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Ƙwanta ba ya sauka sai kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare. Nan ne mutane ke asara: da sun ga alama ranar farko sai su kai ta, doki ya hau sau ɗaya, su biya su komo gida, alhali maniyyin da ƙyar yake wuce kwana biyu da ƙarfinsa a cikinta. Ka fara kai ta a rana ta 3 da fara neman, ka tsallake kwana ɗaya ka mayar, haka har ranar da ta ƙi dokin. Mai nema za ka ga tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsayawa cak in ta ji hanininsa. Wadda ba ta so kuwa kwantar da kunne take yi ta kai harbi, kuma kar a tilasta mata, don harbi ɗaya kan nakasa ingarma. Ko mai so ce a sa mata dabaibayi a ƙafafun baya, a naɗe gindin wutsiya da tsumma mai tsabta, a wanke ta da ruwa zalla. Ka duba dokin da idonka: in akwai kumburi, gyambo ko ruwa mai fita a gabansa, juya da abarka, akwai cutar da ake ɗauka ta barbara.

Bayan kwana 18 zuwa 21 da barbarar ƙarshe ka sake gwada ta gaban doki. In ta ƙi, akwai kyakkyawan zato ta ɗauka, sai likitan dabbobi ya tabbatar. In ta yi zagaye uku a haka babu labari, shi ma likitan ne zai duba mahaifa.

Sai jiki. Goɗiyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa ba ta cika ɗauka ba. Ka ba ta maganin tsutsar ciki, sannan busasshen abinci wajen kilo 2 ga kowane kilo 100 na nauyinta, wato kilo 6 zuwa 7 a yini ga mai kilo 300 zuwa 350. Harawa ce ginshiƙi, dusa da gero ƙari ne. Dusa zalla wata da watanni tana raunana ƙashi, gero da yawa a zama ɗaya kuma shi ke kawo ciwon ciki da zafin kofato, don haka a raba shi kashi biyu ko uku. Abin da ya fi damuna a turakun Damagaram shi ne zuba harawa a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, dabba tana haɗiyarsa kaɗan-kaɗan har ya taru a hanji. Yanka duro gida biyu ka zuba harawar a ciki. Ruwa kuwa a bazara za ta iya shan lita 40 ko fiye, kar ka auna mata.

Ka yi lissafin haihuwa tun yanzu. Cikin wata 11 ne, kwana 340 ko kusa da haka. Barbarar Mayu ko Yuni tana kawo duƙushi a Afrilu ko Mayu, tsakiyar zafi, lokacin da harawa ta yi tsada a Kasuwar Dole, nono kuma ya yi ƙasa. Ni na fi son barbarar Nuwamba, haihuwa ta faɗo a kaka, abinci na araha. A wata ukun ƙarshe a rage hawa, a daina sukuwa, a ƙara abinci a hankali, sannan a yi mata allurar tetanus saura wata ɗaya ko sati 6 ta haihu.

Tunda ka ce sana'ar kiwon dawaki kake son koya, nemi tsohon ɗan barga ka riƙa kwana kusa da shi in goɗiyarsa ta kusa, domin galibi da dare suke haihuwa. Da faya ta fashe, cikin minti 20 zuwa 30 ya kamata ɗan ya fito, ƙafafun gaba biyu da farko, hanci a kansu. In ka ga wani abu dabam kira likita nan take, kar ka ja da ƙarfi. Duƙushi ya miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2 don ya samu dakashi, a shafa wa cibiyarsa aidin. Mabiyiya ta faɗo kafin awa 3. In ta wuce haka kar kowa ya fizge ta, a ɗaure ta kada goɗiyar ta taka, a nemo likita a daren.