Amsar tambayarka kan mutanen Sloveniya da shigarsu Turai

Wa alaikumus salam ɗana. Gida kowa lafiya, innarka na gaishe ka.

Ka tambaye ni wai me ya sa ranar 8 ga Fabrairu ake rufe makarantu da ofisoshi a Sloveniya saboda marubucin waƙa guda ɗaya, kuma ta yaya mutanen da ke riƙe da al'adarsu haka, har suka yi yaƙi don su fita daga Yugoslabiya a 1991, bayan shekara 13 kuma suka kai kansu cikin Tarayyar Turai da ƙafarsu. Ka ce a ganinka an gudu ne ba a tsira ba. Toh ni dai ban ga haka ba.

Marubucin France Preseren ne, ya rasu ran 8 ga Fabrairu 1849, kuma baiti na bakwai na wata waƙarsa shi ne taken ƙasarsu yau. Mutanen nan duka-duka wajen miliyan 2 ne, sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarautar Ostiriya, ba sarki nasu ba soja nasu, abin da ya hana su narkewa cikin Jamusawa da Italiyawa harshe ne da littafi. Shi ya sa in mai alƙalami ya yi magana a can ake saurare.

Da mulkin kwaminisanci na Yugoslabiya ya fara tangal-tangal ma su suka fara buɗe baki. A 1987 mujallar Nova revija ta fitar da bugu na 57, inda irin su France Bucar, Joze Pucnik, Dimitrij Rupel, Tine Hribar da Spomenka Hribar suka rubuta yadda suke ganin makomar al'ummarsu, hukuma ta yi ta kumfar baki. Shi Pucnik ya sha ɗauri a zamanin Tito, shugaban Yugoslabiya na lokacin, ya yi gudun hijira Jamus, kuma filin jirgin da ka sauka a Lubliyana, babban birninsu, sunansa ne a jiki. Amma abin da ya fi tunzura talaka shi ne shari'ar 1988, da kotun soja ta gurfanar da mutum huɗu, cikinsu har Janez Jansa da ke rubutu a mujallar Mladina. A tsakiyar Lubliyana aka yi shari'ar amma ba da harshensu ba, da harshen Sabiyawa da Kuroshiyawa aka yi, kai ka duba, a garinka a gaban iyayenka a yi maka hukunci da bakin da ba naka ba. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar kotun kwana da kwanaki.

Idan ka riƙe wannan za ka gane yadda suka ɗauki Turai. Su a wurinsu ba baƙon wuri za su ba, gida za su koma, cewa suke mu mutanen tsakiyar Turai ne tun asali, tarihi ne ya jefa mu wani ɗaki. Tun 1986 marubutansu ke yin taron adabin tsakiyar Turai a kogon Vilenica. Shi ya sa abokan karatunka ke ɓata rai in ka ce musu 'yan Balkan, kar ka ƙara faɗa. Bucar ma a 1988 ya je gaban majalisar Turai ya nemi a daina bai wa gwamnatocin kwaminisanci tallafi, a gida aka ce ya ci amanar ƙasa, bayan shekara biyu shi ne kakakin majalisar Sloveniya da ƙawancen 'yan adawa na DEMOS ya ci zaɓen 1990. Su kansu 'yan kwaminisancin da suka sake riga taken kamfen ɗinsu shi ne "Turai yanzu", kaga kenan kan alƙibla ba a yi gardama ba.

Gardamar kan farashi aka yi ta. Italiya ta tare musu hanya saboda kadarorin Italiyawan da suka bar yankin Istiriya, wanda wani ɓangarensa ke cikin Sloveniya, bayan yaƙin duniya na biyu, sai da suka gyara tsarin mulkinsu a 1997 don baƙi su iya sayen fili. Wannan ya yi wa mutane da yawa ciwo, kuma ni ina ganin suna da hujja, ƙasa ce 'yar ƙarama maƙwabtanta kuma masu kuɗi, wanda gonarsa taƙi ɗaya ce ai dole ya fi kowa sa ido a kan iyaka. Sai maganar NATO, ƙawancen soja na ƙasashen Yamma. Cikin 'yan adawar shekarun 1980 akwai masu rajin zaman lafiya da har suka nemi a yi Sloveniya ba soja sam, su da Mladina suka tsaya kai da fata cewa ba a fita daga hannun janar-janar na Belgired, babban birnin Yugoslabiya, don a shiga na wasu ba. Rupel kuwa, yana ministan harkokin waje, cewa yake ƙaramar ƙasa ba ta kwana a waje ita kaɗai. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 23 ga Maris 2003, kwana uku da fara yaƙin Iraƙi, kusan kashi 90 cikin ɗari suka ce eh ga Tarayyar Turai, NATO kuwa kashi 66 ta samu. Abokan gwagwarmaya ne fa jiya, suka rabu a nan.

Suka shiga duka biyun a 2004, a 2007 suka ajiye kuɗinsu tola suka ɗauki yuro. Harshen da kotun soja ta ƙi yi da shi yau yana cikin harsunan aiki na Tarayyar Turai, ana fassara dokoki da shi. Wannan shi ne bambancin da nake so ka gani, a Yugoslabiya an tilasta musu, a Tarayyar Turai kuwa an tambaye su.

Amma kar ka ɗauka komai fari ne. A Fabrairun 1992 hukuma ta goge sunayen mutum sama da 25,000 daga rajistar mazauna ƙasa, akasarinsu 'yan sauran sassan Yugoslabiya da suka daɗe a can suna aiki suna haihuwa, aka wayi gari ba takarda ba inshorar asibiti, wasu ba aikin yi. Wallahi abin na ɓata min rai, mutanen da suka san zafin a raina ka a gidanka su yi wa wani haka. Kotun tsarin mulkinsu ta ce an saɓa doka tun 1999, 'yan siyasa suka yi ta jan ƙafa, sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 2012 sannan aka tashi maganar diyya da gaske.

Don haka kai ma ka kula da takardar zamanka, ka sabunta ta tun kafin ta ƙare, ka ajiye kwafi a waya ka turo min ɗaya. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Baffanka.