Layin tasha ta biyu ya ɓace a tsohon Tektronix ɗina, in sake dalmar duka?

Tambaya: Malam, ina da osiloskop (na'urar da ke nuna siginar lantarki a matsayin layi a allo) Tektronix 545 mai akwatin zurawa Type CA, wato sashen da ake zurawa cikin injin, mai tasha biyu, A da B. Tashar A na aiki, layin B kuwa ya ɓace. Wani mai gyaran rediyo ya ce a bi duk mahaɗan a sake musu dalma. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da bai kwanta ba, ɗan'uwa. Akwatin CA ba shi da wutar kansa, komai daga uwar injin yake sha ta soket mai ƙafa 16. Tunda A na aiki, wuta na isowa. Yawanci layin B bai mutu ba, tsallake allo ya yi don bawul biyun (bututun gilashi masu ƙara ƙarfin sigina) da ke aiki tare a tashar B sun daina daidaita. Ka kashe, ka musanya bawul na A da na B, ka ga ko matsalar ta bi su. In ba ta bi ba, goge haƙoran makunnin tashar B da isofurofil (sinadarin goge kayan lantarki).

Sai maganar dalma, wadda kullum nake fama da ita. Wannan dabara ta "bi duka ka narkar" a rediyon kasuwa aka koye ta, nan kuwa ɓarna ce. Fararen sandunan nan da aka jera kayan a kansu tangaran ne, kowane gurbi an shafe shi da azurfa. Dalmar gama-gari tana cinye azurfar kaɗan-kaɗan, ranar da ta ƙare gurbin ya saki tangaran, babu mai mayar da shi. Shi ya sa kamfanin yake maƙala ɗan ƙullin dalma mai azurfa kusan kashi 3 cikin 100 a cikin injin. Leƙa, wataƙila naka na nan. Amma mutum zai ɗauko ƙaton ƙarfe ya danna bakinsa cikin gurbi har tangaran ya tsage, sannan ya ce ai kayan ne suka tsufa. Injin da ya haura shekara sittin lafiya, a kashe shi da yamma ɗaya!

Kuma akwai layin bolt 500 a ciki, kafasita (kayan da ke tara caji) na riƙe wuta bayan an zare filogi. Auna da mita kafin ka sa hannu, kar kuma ka bari kowa ya murɗa saitin layin bolt -150, sauran layukan wutar duk shi suke bi.