Kayan jariri: abin da ya cancanci kuɗinku da abin da za ku bari a shago

Tambayoyin wannan karon duk a kan jariri suke, daga haihuwa zuwa shekara guda, kuma kusan kowacce tana ƙarewa da "me zan saya?" Ra'ayinmu tun farko shi ne, abin da jariri yake buƙata daga kasuwa kaɗan ne, amma wannan kaɗan ɗin ba a wasa da shi.

Tambaya: Matata tana da cikin fari, wata takwas. 'Yan'uwa mata sun rubuto mini kayan haihuwa: gado mai lilo, filo, hoda, turare, setin fida, tufafi kala-kala. Ga ragon suna yana jira, kuɗin kuma ba za su kai ba. Da me zan fara? (Wani magidanci, Gusau)

Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Kafin komai ka ware kuɗin mota da na asibiti ka ajiye, kada a taɓa su ko da za a rage hidimar suna. Sannan ka nemi abu huɗu.

Na farko maganin cibiya, chlorhexidine mai kashi 4 cikin 100, wanda yake zuwa a ƙaramin bututu. A wanke hannu da sabulu, a shafa a kan cibiyar da kewayenta sau ɗaya a rana tun ranar haihuwa har ta faɗi, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada a haɗa shi da gashi da tsumma mai zafi, ko man goge baki, ko toka, ko gishiri. Ta wannan ƙofar ƙwayoyin cuta suke shiga jini, har da mai sandarar da jiki. A ajiye shi nesa da maganin ido, domin idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Cibiyar da ta yi ja, ko take wari, ko take fitar da mugunya, ta asibiti ce a ranar.

Na biyu ma'aunin zafin jiki mai batir, wanda yake nuna lamba. Tafin hannu ba ya faɗin gaskiya, musamman a bazara. A sa shi a hammata, a matse hannun jaririn har ya yi ƙara. Idan ya nuna 37.5 ko sama da haka ga jaririn da bai kai wata uku ba, ba a ba shi magani a gida a jira gobe. A tafi asibiti. Haka ma idan ya sauka ƙasa da 35.5, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri.

Na uku gidan sauro mai magani. Sau da yawa ana bayar da shi kyauta a wurin awon ciki, sai ku tambaya. Idan sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Na huɗu 'yan riguna na auduga, hula, zannuwa masu laushi. Kada ka tara ƙananan kaya, cikin makonni kaɗan za su matse shi.

Filo kuwa bar shi. Jariri yana barci ne a rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙarfi, babu filo babu bargo mai kauri kusa da fuskarsa, saboda ba shi da ƙarfin kawar da kai idan hanci ya toshe. Hoda tana tashi ya shaƙa. Abin da ya fi damunmu shi ne kafur da ake sa wa a akwatin kayan jariri. A ƙasar nan akwai yara da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, kuma kafur yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani wadda take iya taɓa ƙwaƙwalwa. A cire shi, a wanke kayan da suka ɗauki warinsa. A makon farko a riƙa duba idon jariri da tafin ƙafarsa a hasken rana. Idan sun yi ɗorawa, asibiti, ba ruwan gulukos ko shanya a hantsi ba.

Abin da ya ragu ka zuba shi a tukunyar mai jego: wake, ƙwai, kifi, hanta, ganye. A kuma sassauta kanwa a kunu, domin likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawanta da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa.

Tambaya: Ɗana yana da mako bakwai, kullum da yamma kuka. Surukata ta ce nonona bai isa ba, a sayi madarar gwangwani, a kuma riƙa ba shi ruwa saboda zafi. Wace madara ce ta fi kyau? ('Yar'uwarku a Katsina)

'Yar'uwa, kada ki saya tukuna. Kukan yamma yana kai ƙololuwa ne a daidai wannan lokacin, wajen mako shida zuwa takwas, ya fara sauka a wata uku zuwa huɗu, ko da yaro yana ƙoshi. Kuka ba ma'auni ba ne. Ma'aunin biyu ne: fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, mai haske ba ja ba, da kuma nauyi da yake hawa a katin awo. Jariri yakan rage har kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a kwanakin farko, ya mayar cikin mako biyu, ya ninka nauyin haihuwa wajen wata biyar. Idan layinsa yana hawa, nononki ya isa.

Idan ba ya hawa, sai a duba kamun nono kafin a duba shago. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, ya ɗauki yawancin baƙin wurin ba kan kawai ba. Jaririn da yake tsotsar kan nono kaɗai yakan daɗe yana sha bai ƙoshi ba, ke kuma ki samu tsagewa. Ki bar shi ya gama ɗaya kafin ki juya shi, domin mai maiƙon da yake riƙe ciki a ƙarshe yake fitowa. Sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare ba yawa ba ne. Yawan tsotso ne yake kawo ruwan nono; duk fidar da aka ba shi, tsotso ɗaya ya ragu, nonon ma ya ragu.

Batun ruwa, ki fahimtar da Hajiya cikin ladabi, ko ku je awo tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Cikinsa ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi nono ba ya samun wuri, ga haɗarin gudawa. Ke ce za ki sha ruwan, shi kuma ki ƙara ba shi nono, har wata shida.

Akwai inda madara take zama dole, kamar rasuwar uwa ko rashin lafiya mai tsanani. A nan sai a sayi ta jarirai mai lamba 1, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Madarar shayi, ta gari ko ta ruwa, ba ta jariri ba ce. A tafasa ruwa, a haɗa kafin ya wuce minti 30 da saukewa, a bi awon da ke jikin gwangwanin daidai, a huce sannan a bayar. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsinka ta da ruwa don gwangwani ya daɗe, yaro yana sha yana ramewa. Duk mai shirin fara madara ya fara lissafin kuɗin wata shida, ba na gwangwani ɗaya ba.

Tambaya: Zan koma makaranta, 'yata tana wata uku. In sayi injin tatsar nono? (Ɗaliba, Kano)

Ki fara gwada hannu, kyauta ne kuma babu abin wankewa sai kofi. Ki sa babban yatsa sama, manuni ƙasa, a gefen baƙin wurin, ki danna zuwa ƙirji sannan ki matsa ki saki. Ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. A ɗaki yana kai awa huɗu, a wuri mafi sanyi. A firjin da wuta ba ta yanke masa yana kai kwana huɗu, wanda kuwa ake ɗauke wa wuta kada ki dogara da shi. Ba a tafasa shi, ana tsoma kofin ne a ruwan ɗumi. A ba ta da ƙaramin kofi, ya fi fida sauƙin tsabta. Idan hannu ya gagara, injin da ake matsawa da hannu, mai sauƙin kwancewa, ya fi mai lantarki dacewa da yanayin wutarmu.

Tambaya: Jikana ya cika wata bakwai bai zauna da kansa ba, ɗan maƙwabta kuwa tun wata biyar. Ina so in saya masa keken nan mai tayoyi da ake zaunar da yaro a ciki, ko zai yi ƙwari. (Wata kaka, Maraɗi)

Iya, Allah ya raya shi, amma wannan keken muna roƙon ki bar shi. Ba ya koya wa yaro tafiya. Yana rataye shi ne a kan wando, ya riƙa tura ƙasa da kan yatsu, alhali ƙarfin da yake nema a baya da ciki da ƙugu yake, kuma a ƙasa ake samunsa. Ga shi yana kai yaro inda bai isa zuwa ba cikin ƙiftawar ido: murhu, tukunyar ruwan zafi, bokiti cike da ruwa, bakin rijiya, matakala. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi gaba ɗaya tun 2004 saboda raunukan da ya jawo.

Wata bakwai kuma bai makara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da sakamakon a 2006: zama ba tare da tallafi ba yana zuwa tsakanin kusan wata 4 da wata 9, rarrafe tsakanin wata 5 da 13 da rabi, tafiya kuwa daga wata 8 har kusan 18. Wasu kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe suka tafi. Idan bakwaini ne, a cire makonnin da ya rage a ciki kafin a yi lissafi.

Abin da zai taimake shi tabarma ce. A sauke shi daga goyo sau da yawa a rana, a kifa shi yana farke ana kusa, a ajiye wani abu mai launi ɗan nesa da hannunsa. A zaunar da shi tsakanin ƙafafu ana yi masa magana, ana amsa gwarancinsa. Idan ya fara dafa bango yana miƙewa, keken katako da yaro yake turawa, wanda kafintoci suke yi, ya fi, a fili mai laushi, babba yana biye. Takalmi ma ba ya buƙata sai ya fara fita waje.

Inda za a nemi likita: wata uku babu murmushi, wata huɗu wuya bai tsaya ba, wata tara bai zauna ba, wata 18 bai taka ba, ba ya juyowa ga sauti, jiki ya cika sanƙarewa ko saki, ko ya daina abin da ya riga ya iya. A ƙara sa ido idan ya yi shawara mai tsanani ko bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa.

Tambaya: Wane maganin haƙori za ku ba ni shawara? Yarinyar tana zawo da zazzaɓi, an ce haƙori ne. (Uwa, Bauchi)

Babu ko ɗaya. Haƙori yana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a wannan lokacin yaro yake kai komai baki. Sunan haƙori ya sa an zauna da yara da yawa a gida alhali maleriya ce. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da guba, ya kashe yara 84 a Najeriya.

Ki kai ta a gwada jini yau. Ga gudawa, ORS (garin gishiri da sukari na ƙunshi) da ƙwayar zinc: ƙunshi ɗaya na ORS a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a zubar da ragowar bayan awa 24, zinc kuwa miligiram 20 a rana ga wadda ta kai wata shida, 10 ga wadda ba ta kai ba, kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Ki ci gaba da nono. Dasashi kuma ki murza da yatsa mai tsabta. Ki duba katinta: rigakafin mako 6, 10 da 14, sai wata 9 da wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati, kuma idan an tsallake ɗaya ana ci gaba ne daga inda aka tsaya.

Tambaya: Ya kusa wata shida. Abincin gwangwani zan saya ko kunun gida ya isa? (Mai shayarwa, Zariya)

Na gida ya isa idan an haɗa shi da kyau. Koko tsararo ne bai isa ba. Ki auna gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki tsince gyaɗar sosai, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, domin tana ɗauke da guba mai cutar hanta. Ki soya kowanne daban, ki sussuke ɓawon waken, a niƙa tare, ki ajiye a mazubi mai murfi, na mako biyu kawai a lokaci guda. Ki dama da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshe, ki bar shi ya dahu sosai. Kaurinsa ya kai ya tsaya a cokali idan kin karkata shi. Ki ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa.

Ki fara da cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana, bayan nono, ki riƙa ƙarawa har rabin kofi sau uku wajen wata takwas. A wannan lokacin sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi yake ƙarewa, don haka dafaffen ƙwai, hanta, kifi marar ƙaya da garin zogale su riƙa shiga, tare da kabewa, gwanda ko mangwaro. Babu gishiri, babu sukari, zuma kuma sai ya cika shekara. Idan ya tofar, ki sake gwadawa gobe. Kada a danne shi a yi masa ɗura, abinci yana iya bi ta hanyar numfashi. Yanzu ne zai fara shan ruwa, tafasasshe, a kofi.

Tambaya: Famfas ko nafkin na wanki? (Amarya, Dutse)

Ki haɗa: na wanki da rana a gida, famfas da dare da ranar fita. Girman ana zaɓa ne da nauyin yaro, yana rubuce a jikin leda. Saɓar gindi daga daɗewa cikin jiƙa take zuwa, ko wanne kika sa, don haka a canja duk awa uku zuwa huɗu da kuma nan take bayan kashi. A wanke da ruwa, a bari ya sha iska, a shafa man kaɗe ko basilin. Idan jan ya shiga cikin matsematsi da ƙananan ƙuraje a gefe, ko ya wuce kwana uku, a nuna wa ma'aikacin lafiya, kada a shafa man bilicin ko wani mai haɗe-haɗe daga kemis.