Tambaya da Amsa: Shin masu Pokémon sun ɓata dodanninsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ɗalibi ne ni a Anguwar Rogo, Jos. Tun ina firamare nake buga Pokémon, gem ɗin da ake renon dodanni a haɗa su faɗa, amma yanzu ya fara fita raina. Sun ɗauki Starmie, dodon nan mai siffar tauraro, sun manna masa dogayen ƙafafu kamar ɗan tsere, sannan in ka shiga fafatawa a intanet, dodannin da kowa ke riƙe da su ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Mun yi musu da abokaina a wani shagon gem a Terminus har murya ta dushe. Kamfanin ne ya gaza ko mu ne muka girma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙorafi biyu ka haɗa, kuma a ɗaya kawai zan tsaya maka.

Na sura ba ya daɗewa. A 2016, da wasannin Sun da Moon suka fito, Game Freak, kamfanin da ke ƙera su, ya ja wuyan dodon nan Exeggutor har tsawonsa ya kai mita 10.9, duniya ta yi ta dariya, yanzu kuwa an saba da shi. Mega Starmie na wasan Legends: Z-A, wanda ya fito a Oktoban 2025, ni ma bai yi min ba, ƙafafun nan ba su da fasali. Sai dai Starmie ɗinka na asali yana nan, Mega rikiɗa ce ta ɗan lokaci da dodo ke yi a cikin faɗa. In kana neman inda aka cuci masu wasa da gaske, koma 2019, da wasannin Sword da Shield suka fito babu ɗaruruwan tsofaffin dodanni. Mutum ya yi shekaru yana renon abinsa, aka ce ba zai shiga sabon wasan da shi ba.

Kan ƙarfin da ya sa kowa ke riƙe dodanni 'yan kaɗan kuwa kana da gaskiya. Dubi Mega Kangaskhan ta 2013. Uwa ce da ɗanta, duk dukan da uwar ta kai sai ɗan ya ƙara wani mai rabin ƙarfinsa, kyauta. Gasar duniya ta 2015 ta cika da ita, har kallon ya gunduri mutane. Sai a 2016 aka rage dukan ɗan zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara uku kafin a gyara abin da kowa ya gani tun farko! Wannan jan ƙafa ne, ba zan kare su ba. Mega Rayquaza ma ya fi ta ɓarna, don 'yan Smogon, dandalin masu fafatawa a intanet, sai da suka buɗe masa rukunin da babu hani a cikinsa a 2014.

To amma dodanni sun haura 1,000, nau'i 18, ba mai iya daidaita su duka. Kuma yawancinmu kwafar tawagar zakaru muke yi. A 2014 Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya a Washington da Pachirisu, ɗan kuregen da ba wanda ke kallo. Aikinsa kawai ya janye duka zuwa kansa da dabarar Follow Me, abokan tawagarsa su Garchomp da Gyarados su samu sarari su yi kaca-kaca da abokin hamayya.

Ku da kuke haɗuwa a shago ɗaya, me ya hana ku kafa dokarku? Kowa ya ambaci dodo ɗaya da aka haramta a ranar, a rubuta a takarda kafin a kunna, wanda ya ci jiya kuma ba zai maimaita tawagarsa ba.