Ƙaranful ɗina yana miƙewa ya langaɓe a tukunya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani mashtal, wato gidan rainon tsirrai, a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, inda muke rainon furen ƙaranful (wanda Turawa ke kira carnation) a ƙananan tukwane domin sayarwa. Damuwarmu ita ce karansa yakan yi tsawo ya langaɓe kafin ya yi fure, masu saye kuwa gajere mai cika suke nema. An ce akwai maganin da ke tsuke shi. Wanne ne, kuma yaya ake sa shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganin akwai shi, kuma aikinsa shi ne rage jibarelin, wato sinadarin da tsiro ke yi wa kansa domin miƙa gaɓoɓi. Idan ya ragu sai gaɓoɓin su matso kusa da juna, ganye ya ƙara duhu.

Sai dai kafin ka sayi kwalba, duba wurin da tukwanen suke. Ƙaranful furen sanyi ne mai son rana sosai, shi ya sa ya fi jin daɗin garuruwan kan tsauni irin Ɗa'ifa da Abha a kan Jidda mai zafi. Idan ka cunkusa tukwanen a ƙarƙashin ragar inuwa, ganye na taɓa ganye, to neman haske ne yake sa shi miƙewa, kuma a ganina asara ce a zuba magani ba a gyara wannan ba. Ka ware su, sannan ka tsinke kan tsiron da yatsu, ka bar gaɓa biyar ko shida, domin rassa su fito ta gefe.

Bayan sababbin rassan sun ɗan taso ne ake sa maganin. Ga iri uku da sunayensu na kasuwa: B-Nine, Cycocel da Bonzi. B-Nine fesa shi ake yi, kuma giram 3 a lita ɗaya ta ruwa shi ne awon da aka saba farawa da shi. Ka fesa da sanyin safiya ko yamma, saboda ta ganye yake shiga, iskar tsaunukan nan kuwa tana busar da shi da wuri. Cycocel yakan bar rawaya-rawaya a ganye idan ya yi yawa. Bonzi ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman idan an kwarara shi a ƙasar tukunya saiwa ta sha, kuma idan hannu ya zarce tsiron zai tsugune makonni, furen ya makara.

Saboda haka ka fara da tukwane goma, ka bar wasu goma ba magani, ka auna tsayinsu bayan mako biyu. Ka sa safar hannu, ka bi awon da ke jikin kwalbar, kuma kada feshin ya kai ga na'ana'a ko tumatir.