Yadda Tsohon Firam Zai Koma Allon Maƙala Takardu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani babban firam na hoto a wurin masu gwanjo saboda sassaƙar da ke gefensa ta burge ni, sai dai gilashinsa ya tsage. Ina so in mayar da shi allon da zan riƙa maƙala jadawalin karatun yara da katunan biki. Me zan saka a ciki, kuma ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya fi dacewa shi ne kok, wato ɓawon wata bishiya da ke fitowa a Fotugal da Sifaniya da Maroko, kuma Fotugal ce ke samar da kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9. Cikinsa cike yake da ƙananan gurabun iska, shi ya sa idan kika zare fil, hujin yakan tsuke da kansa.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki kifa firam ɗin ki bubbuga shi. Idan gari ya zubo daga ƙananan huji, ƙwari sun riga ki, kuma gara ki haƙura da shi da ki kai su cikin kayan ɗakinki. Idan lafiya lau yake, ki cire gilashin a hankali, ki goge katakon da samfefa a tsakar gida bayan kin ɗan jiƙa shi, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, wadda ƙurarta ke cutar da yara.

Inda akasari ake yin kuskure shi ne wajen kauri. Kok na naɗi mai milimita 2 ko 3 ba ya riƙe fil, don tsinin yakan zarce ya daki katakon baya, takarda ta faɗo. Ki nemi mai milimita 6 zuwa sama, ko ki manna siririn a kan kwali mai kauri riɓi biyu. Ki warware kok ɗin ki danne da littattafai ya kwana biyu don ya miƙe, sannan ki ɗora katakon bayan firam a kansa ki zana, ki yanka da sabuwar reza, kina bin layin sau da yawa maimakon dannawa da ƙarfi, saboda kok yana saurin marmashewa. Ki shafa farin gam na kafintoci a katakon bayan har gefe-gefe, ki manna kok ɗin a kai, ki sake dannewa zuwa wayewar gari.

Idan kok ya yi wuyar samu, allon silin mai laushi, irin wanda makarantu ke yin allon sanarwa da shi, zai wadatar. A ganina ma ya fi ƙayatarwa idan aka lulluɓe shi da ƙyallen atamfa, aka ja shi sosai aka kama ta baya, muddin zanen ba mai hayaniya ba ne da zai shanye rubutun takardun. Ki kuma sa kafinta ya ƙara maratayi biyu, tunda allon zai fi hoton da aka cire nauyi.